Jirgin Kyaftin Kilo Biyu

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama ya sauka da ƙafafunsa, ya kamata ya zo layinmu ya yi wa Kyaftin godiya. Shi ya faɗa da bakinsa, mu kuma ba mu da hujjar ƙaryata mutumin da ko shara zai je zubarwa sai ya sa hular matuƙa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wa jiragen sama hidima, kuma bai taɓa yin haɗari ba ko sau ɗaya. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Abu ne mai wuya mutum ya yi haɗarin jirgi alhali yana zaune a kan kujerar roba, a bayan sikelin awon kaya, dab da ƙofar ban ɗakin matafiya.

Aikinsa ke nan, awon kaya. Ka ɗora akwatinka, ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya dubi allurar sikeli, ya dube ka kamar ya kama ka da hannu a aljihunsa, sannan ya ce, "Kilo biyu ya ƙaru." Ko akwatin babu komai a ciki sai buroshin haƙori, kilo biyu ya ƙaru. Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa Kilo Biyu. Sunan Kyaftin kuwa shi ya raɗa wa kansa ranar da ya yi ritaya, ya sayi hular a kasuwar gwanjo don kada maganar ta tsaya a fatar baki. Bai taɓa shiga jirgi ba. Ya ce ya san jirgi sanin da shigarsa ba za ta ƙara masa komai ba.

Wata shida da ritaya sai labari ya zo cewa hukumar filin jirgi za ta buɗe zauren tarihi, kuma tana neman kwaikwayon tsohon jirgin fasinja mai farfela huɗu, irin wanda ya fara sauka a filin, a kafa shi a tsakiyar zauren har abada, da sunan wanda ya ƙera shi a jikin allo. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: jirgin ya tsaya da kansa a kan tayoyinsa uku. Wanda bai cika sharaɗin ba, mai shi ya kwashi abinsa ya koma gida. Kyaftin ya karanta takardar sau uku, ya ninke ta, ya sa a cikin hula. Ya ce da ma ya san tarihi zai neme shi, bai dai zaci zai yi jinkiri haka ba.

Matsalar ita ce wuri. Jirgin da ya zana tsawonsa mita huɗu da rabi ne, kuma ɗaki ɗaya ne a gidan zai ɗauke shi: ɗakin ɗinkin matarsa. A ciki take da keken ɗinki, da teburin yanka, da madubi mai tsawon mutum, kuma daga ɗakin nan tukunyar gidan take tafasa tun kafin fansho ya fara tafiyar hawainiya. Kyaftin ya kira taron iyali, wato shi da ita, ya miƙe tsaye ya yi jawabi.

"Hasumiya," in ji shi, don haka yake kiranta, wai ita ce mai ba shi izinin tashi da sauka, ko da yake bai taɓa jiran izinin ba. "Wata uku kacal nake nema. Ranar da jirgin nan ya shiga zaure, ɗakinki ya dawo hannunki, kuma za a riƙa nuna ki da yatsa ana cewa ga matar da ta sadaukar."

"In kuma ba su karɓa ba fa, Baban yara?"

"To sai ya dawo gida ya zauna inda ya san darajarsa."

Wata ukun nan sai da suka zama goma sha huɗu. Keken ɗinki ya koma lungun da ke tsakanin kicin da ban ɗaki. A nan take auna mata, hannu ɗaya riƙe da tef ɗin awo, ɗaya yana kare ƙyalle daga tururin tukunya. Riguna suka fara fita suna ƙamshin albasa. Wata mai kawo ɗinki ta ja baya don ta duba gefen siket, ta zauna cikin bokitin wanki, ba ta sake dawowa ba. Hasumiya ba mai yawan magana ba ce, amma mu maƙwabta mun ga yadda take duban ƙofar ɗakin nan, kuma wallahi ta ba mu tausayi.

Kada a zalunci Kyaftin, ya yi aiki tuƙuru. Shi ke busa usur da ƙarfe takwas. Shi ke zagayawa da hannu a baya. Ragowar ƙananan abubuwa, irin su yanka katako, da lanƙwasa haƙarƙarin jirgi, da liƙa siririn falanki da gam, da gogewa da samfefa har yatsu su yi jini, ya bar wa ƙanen matarsa, wani kafinta mai haƙurin tsiya da ke zuwa bayan ya rufe shago. Kyaftin yana kiransa Ƙaramin Injiniya idan yana cikin nishaɗi. Kafinta yana kiransa Yaya, sai dai yana jan kalmar yadda ake jan ta ga mutumin da ya tsaya maka a kan ƙafa.

Gida ya koma filin jirgi. Abinci ba a kiransa sai da sanarwa. Baƙo in ya zo sai an tambaye shi ko wani ya ba shi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. Mai gyaran famfo da ya zo da jakar kayan aiki, sai da aka ɗora jakar a kan tsohon sikelin da Kyaftin ya taho da shi daga ofis don tunawa, aka kuma shaida masa abin da kowa ya sani, cewa kilo biyu ya ƙaru.

Masu jira su ji cewa an gama jirgi ya ƙi fita ta ƙofa, su yi haƙuri. Kafinta ya riga ya yi fuka-fukan na cirewa da mayarwa. Kyaftin bai lura ba sai daga baya, ya kuma yaba wa kansa da wannan hangen nesa.

Duk tsawon aikin nan, jirgin yana kwance ne a kan jakunan katako guda biyu, irin bencin da kafintoci ke ɗora aiki a kai, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, tayoyinsa suna lilo a iska. Ranar da za a rufe hancinsa, kafinta ya ajiye guduma ya ce, "Yaya, kafin mu liƙe nan, sai mun cusa wani abu mai nauyi a ciki. Dalma, ko guntun ƙarfe. Duk mai irin wannan aikin haka yake yi. In ba haka ba, ranar da aka sauke shi a ƙasa, zama zai yi a kan jelarsa."

Kyaftin ya cire tabarau. Ya goge shi. Ya mayar. Duk wanda ya san shi ya san jawabi ya taho.

"Ƙaramin Injiniya, ka ce in ƙara wa jirgi nauyi? Ni? Shekara talatin da ɗaya ina tsaye tsakanin jirgi da nauyi! Na fitar da turmi daga akwatin wata tsohuwa tana kuka ina kuka. Na raba ango da takalmansa. Da hannun nan na hana sama ɗaukar abin da ya kai nauyin giwa arba'in, na lissafa. Yau kuma a cikin gidana, a gaban idona, a ce in ɗauki ƙarfe in sa wa jirgi don ganin dama? Kai da ƙarshen tashinka shi ne hawa tsani?"

Kafinta ya ce to. Ya rufe hancin. Amma rufin ɗakin matuƙi bai sa masa gam ba, ya ɗaure shi da ƙananan sukurori huɗu, bai ce wa kowa komai ba sai yayarsa.

A cikin ɗakin matuƙin nan kujera ɗaya ce, don Kyaftin ya ce ba ya buƙatar mataimaki. A kanta aka zaunar da ɗan mutum-mutuminsa, da hula da tabarau da gashin baki, wanda aka sassaƙa daga farin toton nan da ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Kyaftin ya ɗora shi a kan sikeli, allura ko motsi ba ta yi ba. Ya kira mu maƙwabta mu shaida. Ya ce ga yadda matuƙi na ƙwarai ya kamata ya kasance.

Bayan jirgin kuwa wani labari ne daban, don can ne sashen manyan baƙi, kuma girma ba ya cikin abin da Kyaftin ke aunawa. Kujeru takwas na katakon madaci. Darduma ta gaske, da aka yanko daga ta falo. Ɗan ban ɗaki mai kan famfo na tagulla. Babu mai iya ganinsu ta tagogin nan masu faɗin kwabo, amma ya ce manyan mutane ba sai an gan su ba, sanin suna ciki ya isa.

Sai aka zo fenti, inda basirarsa ta yi ambaliya. Cikin jirgi ruwan azurfa, bayansa fari, da shuɗin layi daga hanci zuwa jela. Kafinta ya bi layin da salatif ya rufe tagogi saba'in ɗaya bayan ɗaya da guntayen takarda, ya fesa, ya jira ya bushe, ya goge, ya sake fesawa. Gida ya yi sati uku yana warin tinna, ruwan sirka fenti, har kyanwar gidan ta fara tafiya a karkace. Da aka ɓare salatif ɗin, maganar gaskiya, jirgi ya yi kyau. Ni da kaina na tsaya baki buɗe.

Jela ce ta ƙi ƙarewa, domin ita Kyaftin ya ce da hannunsa zai yi. Ya zana gaggafa, ta fito kamar kazar da ruwa ya daka. Ya shafe da foti, irin ƙullin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, ya zana tauraro. Tauraron ya yi masa ƙanƙanta. Ya shafe, ya zana fuskarsa. Wani maƙwabci ya tambaya ko tallan maganin ɓera ne. Ya shafe, ya sake fuskar da ƙaramin kunne. Shafi goma sha ɗaya jelar nan ta sha, kowane da fotinsa, har ta yi kauri kamar ƙofar firji. A ƙarshe ya haƙura da hoto, ya sa aka yi masa farantin tagulla, aka rubuta muƙamansa a kai. Layi shida suka ci, har da Shugaban Kwamitin Shayi na Sashen Kaya, Mai Ritaya. Da ƙusa takwas aka kafe shi.

Ranar buɗe zaure, motar ɗaukar kaya ta zo da sassafe. Kyaftin ya fito cikin farar riga mai igiyoyin zinariya huɗu a kafaɗa, waɗanda Hasumiya ta ɗinka a lungun kicin, suna ɗan ƙamshin albasa. Ita kuma ta fito da jakar hannu da ke jan kafaɗarta ƙasa. Ya karɓa ya jinjina, don hannu ba ya manta sana'a.

"Kilo biyu ya ƙaru," in ji shi.

"Bar shi ya ƙaru," in ji ta, ta karɓe jakarta.

A zaure aka mayar da fuka-fukai, aka ɗaura farfeloli. Mutane sun fara taruwa. Ma'aikata huɗu suka ɗaga jirgin, aka janye jakunan katako, aka sauke shi a hankali a kan tayoyinsa, karo na farko tun da aka haife shi. Ya tsaya na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi. Sannan hancin ya fara tashi, a natse, ba gaggawa, kamar akuyar da ta hango ganye a reshe. Jela ta nufi ƙasa.

Kafin ta taɓa, Kyaftin ya kai hannun dama ya dafe hancin. Jirgi ya dawo daidai. Ya waiga ya ga ko an lura, ya gyara tsayuwa, ya harɗe ƙafa ɗaya kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Kafinta ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Awa biyu ya yi a haka. Ba za a raina masa ba, ya yi amfani da lokacin. Ya yi wa 'yan kallo bayanin iska da gajimare. Ya ce dafa hancin jirgi tsohuwar ɗabi'ar matuƙa ce, don a ji lafiyar inji. Wata mata ta ce ai wannan ba shi da inji, ya ce shi ya sa ake daɗewa ana saurare. Aka zagayo da lemo, ya ce ba ya sha a bakin aiki. Ƙuda ya sauka a kan gashin bakinsa, ya yi ta hura shi ta gefen baki. Gumi ya jiƙa igiyoyin zinariya. Da Manajan filin jirgi ya iso ya miƙo hannu, Kyaftin ya yi wuf ya maye gurbin hannunsa da tumbi, ya gaisa yana kwance rabi a kan jirgi. Manaja ya ɗauka tsananin ƙauna ce.

Da a nan aka tsaya, da ya sha. Amma Manaja ya zo da babban baƙo, wani tsoho mai sanda, wanda a zamaninsa ya tuƙa ainihin irin wannan jirgi shekara ashirin. Tsohon ya tsaya a gaban jirgin, ya bi shuɗin layin da ido daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ya maƙale sandarsa a hammata, ya ƙame, ya sara.

Jirgin ne tsohon ya sara wa. Kyaftin kuwa bai ga kowa a wurin da ya cancanci a sara masa ba sai shi. Shekara talatin da ɗaya yana kallon matuƙa suna wuce teburinsa ba wanda ya ko ɗaga masa gira, yau ga babbansu ya ƙame a gabansa a bainar jama'a. Ya ja tumbi ciki, ya haɗa dugadugai, ya ɗaga hannu ya sara.

Hancin jirgi ya tashi ya daki bakin hularsa, ta yi sama, ta yi juyi biyu, ta faɗa cikin kwandon shara. Jela ta sauka ƙasa da ƙara, ƙwal! Aka ji kujeru takwas na manyan baƙi suna gangarawa baya ɗaya bayan ɗaya, famfon tagulla yana biye da su. Jirgi ya zauna daram a kan gindinsa yana kallon fanka.

Tsohon matuƙi ya dubi kan da hula ta bari a buɗe, ya matso, ya ƙura ido. Fuskarsa ta washe.

"Kai! Kilo Biyu! Kana nan da ranka? Manaja, ai wannan ne ya taɓa sa ni cire takalmi daga jakata, a jirgin da ni zan tuƙa!"

Dariyar da aka yi, har masu gadi sai da suka leƙo. Manaja ya share hawaye, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, babu wanda aka kawo da ya kama ƙafarsa, amma sharaɗi sharaɗi ne. Jirgin da bai tsaya da kansa ba, sai dai a mayar da shi gida.

Kalmar gida ce ta taso da Hasumiya daga kujera. Wata goma sha huɗu tana auna mata a bakin ban ɗaki, kuma ta ga sauran rayuwarta a can. Ta zuge jaka ta fito da tsohon dutsen gugarta na gawayi, baƙi ƙirin, mai ɗan zakara a murfi, ta miƙa wa ƙanenta. Shi kuma, abin mamaki, akwai sukundireba a aljihunsa. Sukurori huɗu suka fita. Ya leƙa ɗakin matuƙi, ya auna da ido.

"Yaya, wurin ba zai ɗauki biyu ba. Ko dutsen gugan, ko kai."

Kafinta ya sa yatsa biyu ya tsamo ɗan Kyaftin na toto, ya zaunar da dutsen guga a kan kujerar, ya juya tsininsa gaba. Hancin jirgi ya fara saukowa a hankali, a hankali, har tayar gaba ta taɓa ƙasa ba tare da ko ƙara ba. Tsohon matuƙi ya ce shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa yin sauka mai laushin wannan ba. Aka yi tafi. Kyaftin ya rusuna ya karɓa.

Jirgin yana nan a tsakiyar zauren har yau. A allon an rubuta cewa kyauta ce daga wani tsohon ma'aikacin sashen awon kaya da iyalinsa. Kyaftin yana zuwa duk Asabar da hularsa, wadda aka wanke, yana bayyana wa baƙi cewa tun farko shi ya tsara a bar gurbin kilo biyu a gaba, don kuwa lissafin nauyi ba a koya masa. Masu leƙa tagar gaba sukan ga wani baƙin abu zaune a kujerar matuƙi da zakara a kansa, ya riƙe jirgi tsaf, ba ya ce wa kowa komai.

Hasumiya ta koma ɗakinta a ranar da yamma. Ta buɗe tagogi warin tinna ya fita, ta mayar da madubi, ta sayi dutsen guga na lantarki. Ɗan Kyaftin na toto ma ba ta yar da shi ba, don ita ba mai ɓarna ba ce. Yana nan zaune a gefen kekenta, da hularsa da tabarau, ƙirji a gaba. A jikinsa take soke allurai.